Zaren Kaset a Gonar Gero

Ranar wata Alhamis da la'asar, cikin bazarar shekarar 1997, Babanmu ya shigo gida da wani ƙaton kwali a kafaɗa, zufa tana tsiyayo masa daga ƙarƙashin hula. A lokacin muna zaune a Sabon Gari, Gusau, cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya da muke rabawa da wasu iyalai uku. Ina tsugune a bakin rariya ina wanke-wanke, hannuwana duk toka da sabulu, sai na ga bai nufi ɗaki da kwalin ba. Ya wuce kai tsaye gindin darbejiya inda yayata Luba take kwance a kan tabarma, ya sauke shi a gabanta, ya ce ta buɗe. Abin da ya fito daga ciki rakoda ce baƙa wuluk, mai sifiku biyu da bakin kaset biyu a gaba, ga kuma wani murfi a samanta da ake dannawa ya ɗago da kansa. Cikin murfin nan ake sa faifai. Kaset mun san shi tun muna ƙanana, amma faifan sidi ba mu taɓa gani ba sai ranar. Baba ya zaro guda uku daga aljihun rigarsa, sai walƙiya suke yi kamar an wanke su da ruwan azurfa. Matan gidan suka bar girkinsu suka kewaye mu. "Wagga ta Luba ce," in ji Baba. "Ita ka kunnawa, ita ka kashewa." Na tsaya da kwano a hannu ina kallo, ban san ko murna nake yi ko haushi nake ji ba.

Shekarata goma a lokacin, Yaya Luba kuwa sha biyar. Mu biyu kaɗai Allah ya bar wa Innarmu. An haifi Luba da sikila, kuma tun ina da wayo na san gidanmu da ƙamshin man zafi da tukunyar ruwan ɗumi da ba ta sauka daga murhu. Idan ciwon ya tashi, yatsunta kan kumbura, idanunta su yi rawaya, ta riƙa cije gefen zani don kada maƙwabta su ji kukanta. Daga aji biyu na sakandare ta daina zuwa makaranta, domin duk sati uku sai an kwana asibiti. Baba fatauci yake yi, yana sayen hatsi da wake a kasuwannin Tsafe da kewaye yana kaiwa Kudu, kuma can ya ga rakodar ya tuna 'yarsa da ke wuni ita kaɗai tana ƙirga ganyen darbejiya. Duk wannan na fahimce shi daga baya. Abin da na fahimta a lokacin shi ne, ni ce mai ɗebo ruwa a famfon bakin layi kafin in tafi makaranta, ni ce mai kai niƙa, ni ce mai shara da wanke-wanke da sayo gawayi, amma da aka tashi kawo abin sha'awa gidan, gaban wadda ba ta ɗaga ko tsinke aka ajiye shi.

Cikin 'yan makonni Luba ta san rakodar nan kamar ita ta ƙera ta. Ta gano yadda ake ɗaukar waƙa daga faifai a zuba a kaset, da yadda ake kwafar kaset daga wannan baki zuwa wancan. Labari ya bazu a unguwa. Mata suka fara aiko da kaset ɗin da babu komai a ciki, wata tana son waƙoƙin Indiya, wata kiɗan kalangu na biki, wata bege. Maƙwabtanmu 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo, su ne masu faifai, kuma suna ba ta aro saboda sun san ba ta taɓa mayar da abu da ko ɗigon datti. Har daga Bungudu ƙanwar Innarmu, Inna Asabe, takan aiko direba da kaset a ɗaure cikin leda idan za a yi suna ko biki a danginsu. Luba ba ta karɓar ko sisi. Sai dai a aiko mata da ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa, ta ci kaɗan ta tura mini sauran. Nakan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ina kallon yadda take aikin. Za ta hura faifan, ta goge shi da gefen ɗankwali daga tsakiya zuwa baki, ta juya zaren kaset da biro har ya kai farko, sannan ta ɗora siririn yatsanta a kan jan madanni ta jira. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar waƙa ba ta tsaki, sai ta mayar da zaren baya ta jira a kawo. Idan na ce ta tsallake wata waƙa ta sa mini wadda nake so, amsarta ɗaya ce kullum: "Bari ta ƙare tukuna, Hindu. Ba kyau a yanke wa mai waƙa numfashi."

Akwai wata waƙar Indiya, ta uku a ɗaya daga cikin faifan da Baba ya kawo, mai farawa da busar sarewa. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba, amma na haddace ta tsaf, ina rera ta a hanyar makaranta, ina rera ta idan muna carafke da ƙawayena a zauren gida. Wata rana da hantsi, a farkon daminar 1998, Inna ta kai Luba asibiti ƙarin ruwa, aka bar ni da tsaron ɗaki. Na buɗe murfin, na ciro faifan, na fita da shi rana don in nuna wa ƙawayena bakan gizon da ke bayansa. Muka yi ta haska shi a bango, muna haska idon akuyar maƙwabta muna dariya. Wajen karɓe-karɓe ya suɓuce, ya faɗi a siminti, ya yi tafiya a kan fuskarsa har bakin rariya. Na wanke shi, na goge, na mayar inda yake, na yi shiru. Bayan kwana biyu Luba ta dawo ta kunna shi. Waƙa ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Da aka zo tawa, ana tsakiyarta sai muryar mai waƙar ta maƙale, ta riƙa maimaita gaɓa ɗaya kamar mai in'ina, sannan ta yi tsalle ta wuce.

Luba ba ta dake ni ba, ba ta da ƙarfin dukan ma. Ta ɗaga faifan a haske, ta ga zanen, ta dube ni ta ce kada in ƙara zuwa kusa da rakodar, ko shara zan yi in kewaye ta. Da na yi shiru da maganar ta wuce a ranar. Amma abin da ya daɗe yana cina ya taso, na ce mata ai ita ba ta da aikin yi a duniya sai kwanciya da danne-danne, mu ne bayinta, kuma da ba ta nan da kowa ya huta. Na tuna yadda ta juya fuskarta bango. Inna tana waje tana tankaɗe, ba ta ji ba, Luba kuma ba ta faɗa mata ba. Daga ranar muka shiga gaba. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya ake zuba mana tuwo, amma in ta ci gefenta in ci nawa ba mai ce wa wani uffan. Muka kwashe fiye da wata guda a haka.

Da aka ba da dogon hutu, Baba ya ce a kai ni 'Yankuzo wurin Kaka, mahaifiyarsa, in taya su aikin gona, Inna kuma ta samu sararin jinya, don sanyin damina ba ya yi wa Luba daɗi. Da safen da zan tafi, na ɗauki ƙullin kayana zan fita, sai ta kira sunana, karo na farko tun faɗanmu. Ta miƙo mini kaset. A jikin takardarsa ta rubuta "Na Hindatu" da rubutunta mai kyau, har da ɗan zanen fure a gefe. Ta ce in saurara gaba da baya, har ƙarshe. Na karɓa ban dubi fuskarta ba, na cusa cikin kaya, na ce wa Inna sai na dawo. Ita ban ce mata komai ba.

'Yankuzo a watan Agusta wata duniya ce daban. Gero ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai, ko'ina kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Da asuba ni da Ladidi, 'yar Baffana, sa'ata, mukan kai awaki bakin fadama mu ɗaure, mu tsinko rama da tafasa a hanyar dawowa, Kaka ta yi mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Da rana mu kai wa masu noma fura a gona, da yamma mu yi gaɗa a dandali har a kira magariba. Na yi kwana huɗu ban tuna da kaset ɗin ba. A rana ta biyar na roƙi Baffa aron 'yar rediyonsa mai cin kaset, wadda yake shanya batiranta a kan danga don su ƙara ƙarfi. Muka zauna a bayan rumbu ni da Ladidi, na danna. Sai ga busar sarewa. Waƙata ce ta sa a farko. Zuciyata ta fara sanyi, har na soma bi, sai aka zo wurin nan, muryar ta maƙale, ta yi ta in'ina, ta yi tsalle. Ladidi ta fashe da dariya ta ce wannan mai waƙar shaƙuwa take yi. Ni kuwa kunya da haushi suka rufe ni. Na ɗauka da gangan ta yi, ta naɗo mini laifina ne ta biyo ni da shi har ƙauye. Na kashe, na zare kaset ɗin, na jefa cikin kayana. Ban ƙarasa gaban ba balle in juya bayan.

A satin ne tsuntsayen jan-baki suka sauko wa gero. Garke suke zuwa, su rufe gona kamar hayaƙi, kafin a ankara sun tsotse zangarniya. Kowa a gidan ya koma gona. Aka ɗaura gwangwanaye da tsakuwa a igiya, aka kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar Baffa, mu kuma muna kan rumfar kara tun fitowar rana muna ihu har muryoyinmu suka dushe. Wata rana Baffa ya nuna gonar maƙwabcinsa, ya ce dubi yadda tsuntsu ke tsallake ta, don mai ita ya samo zaren kaset ya zagaye ta da shi, yana ƙyalli a rana, iska kuma tana sa shi kuka. Ya ce da zai samu ko guda ɗaya da ya ji daɗi, amma nasa biyu ne kuma duk na karatu ne. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ruga gida na ɗauko nawa na ba shi. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ai ya lalace. Ni da hannuna na sa tsinke na zaƙulo zaren, Ladidi ta kama bakin ta ruga da gudu cikin kunyoyin gero, yana warwarewa a bayanta, muna ta shewa. Ban taɓa sanin zaren kaset ɗaya yana da tsawo haka ba. Muka ɗaɗɗaure shi a sanduna, ya ratsa gonar daga gabas zuwa yamma har sau da yawa. Da iska ta taso ya fara wani siririn kuka, tsuntsayen suka yi sama. Baffa ya sa mini albarka, ni kuma ina jin na rama.

Kwana goma sha biyu bayan haka, da hantsi, muna gasa tumu a bakin gona, aka aiko mu koma gida. Na tarar da Kaka a tsaye da mayafinta, ta riga ta ɗaure kayana. Ba ta ce mini komai ba sai da muka hau mota a Tsafe. Can ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, Allah ya karɓi abinsa tun jiya da azahar. Kafin mu isa Gusau an riga an kai Luba makwancinta. Na shiga ɗakinmu na ga tabarmarta a naɗe a jingine, an lulluɓe rakodar da zani. Mata suna ta shigowa gaisuwa suna cewa yarinya mai haƙuri, ba ta taɓa ɓata wa kowa ba. Ina zaune a lungu, ba abin da ke yawo a kaina sai maganar da na faɗa mata, cewa da ba ta nan da kowa ya huta.

Da aka yi kwana bakwai mutane suka ragu, sai Inna ta yaye zanin ta zauna gaban rakodar. Ta ɗauko kwalin kaset ɗin Luba tana sawa ɗaya bayan ɗaya, ta ji kaɗan ta cire. Wuni biyu tana wannan. Ashe muryar 'yarta take nema. Luba ta naɗa wa rabin unguwa waƙoƙin mutane, amma ba a sami tata muryar a ko ɗaya ba, hoto kuma guda ɗaya gare ta, na 'yar firamare. A rana ta biyu da la'asar Inna ta kira ni ta tambaye ni kaset ɗin da yayata ta ba ni. Ta ce ana jibi zan tafi Luba ta roƙe ta ta fita daga ɗakin, ta tura ƙofa, ta daɗe tana magana ita kaɗai a gaban rakodar. Inna tana jin tashin muryarta daga waje, da tari, da dariya, amma ba ta ji abin da take cewa ba. Da ta tambaye ta, sai ta ce saƙon Hindu ne, yana bayan kaset. "Mi ta ce miki?" in ji Inna. "Kawo shi in ji ta ko sau ɗaya." Na ce na baro shi wurin Baffa. Fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun rasuwar, ta ce wa Baba gobe ya kai ni mu ɗauko.

A mota na faɗa wa Baba gaskiya, tun daga faifan har gonar. Muka wuce rabin hanya. Sannan ya ce, "Mu tai mu gani." Mun tarar an yi girbi, an kwantar da kara, damman gero suna jere a bakin gona. Zaren kuwa ya sha ruwa da rana kusan wata guda. Wani ya tsinke ya naɗe a kara, wani ya nutse a laka, wani awaki sun tauna. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a kan dami, ya durƙusa cikin karan nan yana tsinta da yatsu, mutumin da ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla. Ni da Ladidi da Baffa muka bi sauran kunyoyin. Duk guntun da muka samu sai mu kai masa, ya share da gefen 'yar shararsa, ya naɗe a jikin sillen kara. Har rana ta karkata muna yi. Ladidi ta kawo ƙwaryar kaset ɗin da ta ajiye tana wasa da ita, sunana yana nan a jiki, furen ya ɗan goge.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya karɓi aikin. Kwana uku ya yi yana jona guntayen da jan farce, yana zubar da waɗanda suka mutu. Da zai ba Baba ya gargaɗe shi cewa zaren ya yi rauni, ba zai jure juyi da yawa ba, a yi maza a kwafe shi a wani. Kafin a kunna na durƙusa gaban Inna na faɗa mata abin da na yi da bakina. Da na gama sai ta ce, "Geron dai ya tsira?" Na ce ya tsira. Ta ce to, alhamdu lillahi, a kunna. Daga ranar har ta bar duniya ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Sai a lokacin muka lura ba wanda ya iya kwafa a gidan. Baba sayowa kawai ya yi, Inna kuwa kunnawa da kashewa ta sani. Ni ce na shekara ina leƙe daga bakin ƙofa. Na wanke hannu, na sa sabon kaset a ɗaya bakin, na juya shi da biro har farko, na ɗora yatsana a kan jan madannin da aka hana ni taɓawa, na danna. Da farko ba abin da ke fita sai shuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Guntun kiɗa ya zo ya wuce, wani ma a juye. Muka yi ta jira har na fid da rai. Can sai ga muryar Luba, kusa ƙwarai, kamar tana zaune a tsakaninmu: "...to in kin dawo, Hindu, zan nuna miki yadda ake yi, ba wuya, ke dai ki daina..." Sai shuu. Bayan ɗan lokaci aka ji tari, da 'yar gajeriyar dariya, shi ke nan. Abin da ya rage ke nan daga maganar da ta daɗe tana yi. Inna ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Baba ya tashi ya fita tsakar gida. Ni kuwa sai a ranar na gane cewa waƙar da ta sa mini a farko ba gori ba ce. Ita ce wadda nake so, kuma ba ta da wani faifan da za ta ɗauko ta sai wanda na zana.

Bayan arba'in Inna ta ce ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da rakodar ba. Aka mayar da ita cikin kwalinta aka aika wa Inna Asabe a Bungudu, inda rakodar ta yi shekaru tana yi wa mutane biki da suna har ta mutu. Kwafin da na yi kuwa Inna ta ajiye shi a ƙasan adakarta, takan ce in sa mata a 'yar rediyo sau ɗaya ko biyu a shekara. Da zamani ya juya aka fara zuba waƙa a faifai da kwamfuta, na kai wani shago aka mayar mini da shi faifai, daga baya kuma ya koma cikin waya.

Yanzu na girmi Innarmu ta wancan lokacin. 'Ya'yana ba su san kaset ba, faifan ma sun ɗauke shi kayan tarihi. Waƙa dubu tana cikin aljihunsu, ba sa barin ko ɗaya ta kai ƙarshe. Kullum suna aika wa juna saƙon murya, su saurari rabi, su goge idan waya ta cika. Ba na yi musu faɗa, don zamaninsu ne, kuma ba su taɓa neman muryar wani sun rasa ba. Sai dai idan biyu daga cikinsu suka yi faɗa suka daina magana, ba na bari rana ta faɗi ban zaunar da su ba. Har yau nakan tsaya ina aiki in yi ta ƙoƙarin ƙarasa mata maganar, ko in daina gaggawa take nufi, ko in daina fushi, ko wani abin dabam da ban taɓa kawowa a raina ba. Ta faɗa mini duka a lokacin da ya dace, ni ce ban tsaya na ji ba.